Minshari da Ɗaukewar Numfashi: Cutar Dare da Ba a Nemanta a Arlit da Dannet

Idan zafi ya kankama a Arlit, daga watan Afrilu zuwa Yuni, ɗaki ba ya kwantuwa. Kowa ya jawo tabarma ko katifa zuwa tsakar gida, kuma a irin waɗannan darare maƙwabci ya san barcin maƙwabcinsa. Akwai magidancin da ake jin minsharinsa ta bayan katanga, kamar a ce da shi aka raba gidan. Mutane sun saba da ƙarar. Abin da ba kowa ke kula da shi ba shi ne shirun da ke biyo bayanta. Minsharin zai yi ta hawa, sai ya yanke ɗif. Ƙirji na motsi, ciki na ɗagawa, amma iska ba ta shiga. Daƙiƙa 15, 20, wani lokaci fiye da rabin minti. Can sai mutumin ya fizgo numfashi da gurnani, ya motsa ƙafa, ya koma minshari. Da safe idan uwargida ta ce, "Malam, jiya numfashinka ya riƙa tsayawa, har na taɓa ka," amsar da ta fi samu ita ce, "Gajiya ce kawai, ni ban ji komai ba."

Gaskiya ya faɗa, bai ji ba. Mai wannan cuta shi ne mutum na ƙarshe da ke sanin yana da ita. Likitocin Nijar, da Faransanci, suna kiranta apnée du sommeil, kuma yana da kyau mara lafiya ya riƙe wannan suna don ranar da zai zauna gaban likita. Da Hausa, ɗaukewar numfashi ce cikin barci.

Abin yana faruwa ne a maƙogwaro. Daga bayan hanci zuwa saman maƙoshi, hanyar iska tsoka ce zalla, babu ƙashin da ya tokare ta. Muddin mutum na farke, tsokar na riƙe da kanta. Da barci ya yi nisa sai ta saki, harshe ya koma baya, ganɗa da beli su sauko. Duk wanda ya taɓa zuƙo mai daga tanki da tiyo mai laushi ya san yadda tiyon ke manne bakinsa idan aka ja da ƙarfi. Haka maƙogwaron ke yi. Idan hanyar ta ƙuntata kawai, naman wurin ya yi ta kaɗawa, shi ne minshari. Idan ta rufe gaba ɗaya, iskar oksijin da ke cikin jini ta fara sauka, sai ƙwaƙwalwa ta firgita ta tayar da mutum na 'yan daƙiƙu don ya buɗe hanyar. Farkawar gajeriya ce ƙwarai, shi ya sa ba ya tuna ta. Amma kowace ɗaya tana zuwa da bugun zuciya mai sauri da hawan jini na ɗan lokaci. Likitoci suna ƙirga tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, haɗe da lokutan da numfashin ya ragu sosai, su raba da awannin barci. Daga 5 zuwa 15 a awa ɗaya cutar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, sama da 30 mai tsanani. Mutumin da ke kan 40, idan ya kwana awa 6, an shaƙe shi sau 240 kafin kiran asalatu.

Ko a Turai ba a daɗe da sanin cutar ba. A 1965 ne Henri Gastaut da abokan aikinsa a birnin Marsai na Faransa suka auna barcin wani mai ƙiba da ke fama da gyangyaɗi, suka ga numfashinsa na yankewa a maƙogwaro. A shekarun 1970 wani likitan Faransa, Christian Guilleminault, da ke aiki a jami'ar Stanford ta Amurka, ya fayyace ta a matsayin cuta mai zaman kanta, ya kuma nuna cewa har marasa ƙiba da yara na kamuwa. A 2019 wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi ya ce mutum kimanin miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 na ɗauke da ita a duniya, miliyan 425 daga ciki a matsakaicin mataki ko mai tsanani, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Ko a Amurka, binciken jihar Wiskonsin na 1997 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu matsakaiciya ko mai tsanani ba a taɓa gano su ba. Idan haka abin yake a inda ɗakunan gwaji suke birjik, mai karatu ya auna yadda zai kasance a arewacin Agadas.

Garin da kowane tari ke da wanda ake tuhuma

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, garin ya tsiro a 1969, haƙar yuraniyom ta fara a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara fitar da ma'adini a 1978 daga ramin Akuta na ƙarƙashin ƙasa, kuma dominsa aka gina garin Akokan. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Dannet kuwa, ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Arlit, mai mutum kusan dubu 15 a ƙidayar 2012, yawancinsu Abzinawa makiyaya, kuma a ƙasarta ne ma'adinin Imuraren yake, wanda gwamnati ta janye lasisinsa daga hannun kamfanin Orano a Yunin 2024.

A irin wannan wuri, duk ciwon da ya shafi numfashi yana da wanda ake fara tuhuma: ƙura da tururin ma'adini. Tuhumar ba ta banza ba ce. Ƙungiyar Aghir In'man, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen, ta shafe shekaru tana jan hankali kan ruwa da ƙura da tarkacen ƙarfen da ke fitowa daga kamfanoni, kuma cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta yi awo a garin ta buga sakamakonta. Iskar radon da ƙurar dutse suna illata huhu, wannan tabbatacce ne. Sai dai a ganina wannan damuwa, da yake ta cika ido, ta rufe wata. Tsohon ma'aikaci da ke tashi a gajiye, kansa na sarawa, yana barci a zaune, zai tafi a ɗauki hoton ƙirjinsa. Hoton ya fito lafiya lau, a ce masa babu komai, ya dawo gida da zargin an ɓoye masa gaskiya. Alhali hoton ƙirji ba ya ganin wannan cuta sam, domin huhun kalau yake, kuma da rana maƙogwaron ma a buɗe yake. Cutar sai mutum ya yi barci take bayyana, kuma gwajin lafiyar ma'aikaci da rana ake yin sa.

Wani lokacin ma duka biyun ne ke haɗuwa a jiki ɗaya. Wanda huhunsa ya riga ya raunana saboda ƙura ko taba, idan maƙogwaronsa na rufewa da dare, oksijin ɗinsa ya fi na kowa faɗuwa, zuciyarsa ta fi wahala. Likitan Birtaniya David Flenley ya yi bayanin wannan haɗuwa tun 1985. Don haka gano ciwon huhu ba dalili ba ne na daina tambayar yadda mutum ke barci.

Aikin karɓa-karɓa ya ƙara lulluɓe lamarin. Wanda ya yi shekaru yana shiga aikin dare wannan mako, na safe mako mai zuwa, ya riga ya yarda cewa gajiya abokiyar zamansa ce. Ya yi ritaya, yana kwana a gida kullum, gajiyar ba ta tafi ba, sai a ɗora wa tsufa. Ga kuma shayi, zagaye uku bayan kowane abinci, mai ƙarfi da sukari, wanda ke riƙe ido a buɗe har mutum ya kasa gane yawan barcin da ke binsa bashi.

Hanyar yuraniyom

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne kan hanya. Daga Arlit zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne, daga nan a miƙe zuwa Tawa. Ta arewa kuma akwai kusan kilomita 200 na hamada zuwa Assamaka, bakin iyakar Aljeriya. Hanya ce doguwa, shimfiɗaɗɗiya, babu abin da ke sauya wa ido kallo, ga zafi. Direban babbar mota ya zauna awa da awanni, abincinsa shinkafa da taliya da lemon kwalba, tumbi na fitowa, wuya na kauri. Wannan shi ne ainihin mutumin da cutar ke nema. A 1999 wani bincike da aka yi a biranen Burgos da Santander na ƙasar Sifen ya gano cewa direbobin da numfashinsu ke yankewa sau 10 ko fiye a awa sun ninka sauran kusan sau 6 wajen yiwuwar yin haɗari. Tun 2014 Tarayyar Turai ta sa cutar cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ba mutum lasisin tuƙi ko a sabunta masa.

A nan, yaron mota shi ne ya san gaskiya. Shi ke kwana ƙarƙashin mota kusa da maigidansa, shi ke ganin kansa na sunkuyawa a kan sitiyari, shi ke ƙara sautin rediyo ko ya ƙirƙiro hira don ya farkar da shi ba tare da ya kunyata shi ba. Amma wane yaron mota ne zai ce wa maigida, "Ba ka da lafiya"? Sai dai a tsaya a dafa shayi. Mafi muni, wasu na komawa ga tiramol don su kori gajiya. Tiramol dangin ƙwayoyin da ke danne cibiyar numfashi ne a ƙwaƙwalwa, don haka ga mai wannan cuta ƙarin haɗari ne. Haka ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, haka giya: duk suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro, suna kuma jinkirta farkawar da ke ceton mutum.

Alamomin da ake kai wa wani wuri

Kusan kowace alama ta wannan cuta tana da inda ake karkatar da ita. Tashi fitsari sau 3 ko 4 a dare, sai a ce suga ne ko mafitsara. Alhali zuciyar da ke kokawa da rufaffen maƙogwaro tana sakin wani sinadari da ke sa ƙoda ta tara fitsari. Farkawa a firgice da jin an shaƙe wuya, sai a ce dannau ne ko iska, a nemi tofi da turare. Raunin kusantar iyali, sai a nufi mai maganin ƙarfin maza. Mantuwa da saurin fushi, sai a ce halinsa ne ya sauya tun da aka sallame shi daga aiki. Gyangyaɗi lokacin huɗubar Juma'a ko a zaman makoki, sai a ce shekaru ne. Akwai kuma bushewar baki da ciwon kai na safe da ke washewa kafin hantsi.

Hawan jini shi ne alamar da ya kamata ma'aikatan lafiya su fi riƙewa. Idan mutum na shan magani iri uku kuma awon ya ƙi sauka, a tambayi barcinsa. Wani bincike a Toronto a 2001 ya sami cutar a jikin kashi 83 cikin 100 na irin waɗannan marasa lafiya, wani a Brazil a 2011 ya sami kashi 64. Cutar na tafiya tare da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon suga.

Mata ma suna yi, musamman bayan ɗaukewar al'ada, sai dai nasu ya fi zuwa da rashin barci da ciwon kai da kasala, kuma kunya ba ta barin a ce uwar gida tana minshari. A wurin da ake ɗaukar cikar jiki a matsayin kyau da alamar hutu, ba a cika kallon ƙibar mace a matsayin abin kai wa likita ba. Siriri ma bai tsira ba idan haɓarsa ƙarama ce ta koma baya, ko hancinsa a toshe yake kullum.

Yara nasu daban ne. Yaron da ke barci baki buɗe, yana minshari kowane dare, yana gumi, yana fitsarin kwance bayan ya wuce shekarunsa, da rana kuma ba ya zama wuri ɗaya, galibi ƙullutun da ke gefen maƙogwaronsa ne ko naman bayan hanci suka kumbura. Masu sikila sun fi shiga wannan hali. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne ke duba su, kuma cire naman a asibiti yakan warkar da yawancinsu. Kai yaro wurin wanzami a yanke masa beli ba ya buɗe inda ya toshe, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Gwajin da ke farawa a gida

Cikakken gwaji, wanda ake kira polisomnogirafi, kwana ɗaya ne a ɗakin asibiti. Ana manna wayoyi a kai don karanta matakan barci, a gefen ido da haɓa, a ƙirji don zuciya, a ƙafafu. A ɗaura ɗamara biyu a ƙirji da ciki, a sa siririn tiyo a hanci, a maƙala na'ura a yatsa. Babu allura, babu zafi. Irin wannan ɗaki sai manyan birane, kuma daga Arlit zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 1,200 ce. Makiyayin Dannet ba zai bar raƙumansa ya yi wannan tafiya saboda minshari ba, kuma ba na ganin laifinsa. Shi ya sa matakan da ke gaban wannan suka fi muhimmanci a nan.

Mataki na farko shaida ne. Wadda ke kwana kusa da shi, ko ɗa, ko abokin ɗaki, ya ɗauki waya ya naɗi bidiyo na minti 10 zuwa 15 bayan barci ya yi nauyi, ƙirji da fuska a fili, a dare biyu ko uku. Wannan bidiyon yakan yi abin da shekaru na magana suka kasa: mutum ya ga kansa yana kokawar numfashi, ya yi shiru, ya ce a kai shi likita. Shi ma likitan ya sami abin dubawa.

Na biyu tambayoyi takwas ne da Farfesa Frances Chung ta jami'ar Toronto ta fitar a 2008, ana kiransu STOP-BANG. Shin yana minshari mai ƙarfi da ake ji daga wani ɗaki? Yana yawan gajiya ko gyangyaɗi da rana? An taɓa ganin numfashinsa ya tsaya? Yana da hawan jini? Ma'aunin ƙibarsa, da ake lissafawa daga nauyi da tsawo, ya haura 35? Ya wuce shekara 50? Kaurin wuyansa ya haura santimita 40? Namiji ne? Wanda ya amsa e sau 3 ko 4 yana tsaka-tsaki, wanda ya kai 5 zuwa 8 haɗarinsa babba ne. Abin da ake buƙata duka-duka awon tela ne da sikeli da na'urar awon jini, kuma ana samunsu a cibiyoyin lafiya na karkara. Akwai kuma ma'aunin Epworth, na likita Murray Johns na Melbon, daga 1991, mai tambayar yiwuwar gyangyaɗi a yanayi takwas. Makin da ya haura 10 cikin 24 na nuna barcin rana ya wuce kima. Wasu tambayoyinsa, irin karatu a zaune ko tsayawa a cunkoson motoci, ba su dace da rayuwar makiyayi ba, don haka ma'aikacin lafiya sai ya tambaya da abin da mutumin ya sani: zaman hira bayan azahar, tafiya a bayan mota, jiran layi a rijiya. Waɗannan tambayoyi ba su tabbatar da cuta, suna nuna wanda ya kamata a tura gaba ne.

Na uku shi ne ƙaramin gwaji, poligirafi, wanda ake yi a gida. Na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, da batir take aiki: ɗamara a ƙirji, tiyo a hanci, maƙali a yatsa. Mutum ya kwana da ita a shimfiɗarsa, da safe a juye bayanan a kwamfuta, ana ma iya tura su ta intanet ga ƙwararren da ke wani gari ya karanta. Ga wanda alamominsa suka bayyana kuma ba shi da ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, wannan ya isa a tabbatar. Tana da rauni ɗaya: ba ta san lokacin da mutum ya yi barci da lokacin da yake kwance ido biyu ba, don haka takan rage lissafi. Idan ta ce babu komai alhali alamomi na nan, a maimaita ko a nemi cikakken gwaji. Ƙaramar na'urar yatsa da aka saba gani tun zamanin korona, wadda ke nuna lamba nan take, ba ta wadatar ba. Da rana mai cutar zai ga 97 ya ce lafiyarsa ƙalau. Sai irin wadda ke naɗar dare gaba ɗaya.

Wannan na'ura ta gida ita ce nake ganin ta dace da Arlit. Ba ta buƙatar gini, ba ta buƙatar ƙwararre a wurin, kuma guda ɗaya na iya zagaya mutum fiye da 200 a shekara. Tun 2011 aka kafa hukumar OSRA don bin lafiyar tsofaffin ma'aikatan ma'adinai a jihar Agadas, kuma masu aiki a yanzu suna da likitocin kamfani. Ƙara tambayoyi takwas da awon wuya a takardar da ake cikewa ba zai ci ko dala ba. Haka ƙungiyoyin direbobi za su iya yi a tasha. Sharaɗi ɗaya ne: kada sakamakon ya zama takardar kora. Direban da ya san faɗin gaskiya zai raba shi da mota, zai rantse bai taɓa gyangyaɗi ba. A Turai wanda ke kan magani kuma likita ya tabbatar yana bi, yana ci gaba da tuƙinsa.

Bayan an gano

Babban magani shi ne injin CPAP, wanda Colin Sullivan na jami'ar Sidni ya bayyana a 1981. Yana hura iska a hankali ta abin rufe hanci, iskar ta tokare maƙogwaro ya zauna a buɗe. Ba oksijin ba ne, iskar ɗaki ce. Wanda ya dace da shi yakan ji bambanci cikin 'yan kwanaki: gyangyaɗi ya tafi, tashin fitsari ya ragu. Amma sai an sa shi kowane dare. Babban gwajin SAVE na 2016 ya nuna gyangyaɗi ya ragu, jin daɗin rayuwa ya ƙaru, amma ciwon zuciya da shanyewar jiki ba su ragu ba, kuma mahalartan awa 3 da 'yan mintuna kawai suke sa injin a dare. Don haka kada wanda ya samu injin ya ajiye maganin hawan jininsa.

Injin na son wuta, kuma wutar Arlit daga tashar kwal ta SONICHAR da ke Cirozerin take zuwa, takan ɗauke. A zangon makiyaya babu ita sam. Yawancin injinan na iya aiki da batir da faifan sola idan an sami igiyar da ta dace, kuma a tambayi wannan tun kafin a saya. A garin ƙura, matatar iskar injin na toshewa da wuri, sai an riƙa duba ta ana sauyawa, a kuma lulluɓe injin da rana.

Wanda bai kai ga injin ba yana da abin yi. Binciken Wiskonsin na 2000 ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki na rage yankewar numfashi da kimanin kashi 26, ƙara kashi 10 kuma na ƙara ta da kashi 32. Sukarin shayi da lemon kwalba wuri ne mai kyau na farawa. Mutane da yawa cutarsu ta fi tsanani idan sun kwanta rigingine, kuma ɗinka aljihu a bayan rigar barci a sa goruba ɗaya a ciki yana tilasta kwanciya ta gefe. A ɗaga wajen kai, a bar taba, a yi maganin toshewar hanci, a nisanci ƙwayar barci. Likitan haƙori da ya ƙware yana iya yin abin sawa a baki mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba, yana amfani ga mai sauƙi da matsakaiciya. Duk wanda kuma za a yi wa tiyata, ko da ba a taɓa gwada shi ba, ya gaya wa mai ba da maganin sa barci cewa yana minshari kuma an ga numfashinsa na tsayawa, domin a sa masa ido sosai a awannin farko bayan aikin, a kuma yi hattara da irin maganin ciwon da za a ba shi.